Bindiga a Ƙarƙashin Kujerar A-kori-kura: Wa Zai Fara Ganinta?

 

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa, wata muhawara ce da ta tashi a zamanmu na bayan la'asar a unguwar Kokoro, nan Kilomita Biyar, wadda kowa ya fi sani da Sankilo. Wani yaro daga cikin 'ya'yanmu, wanda Allah ya buɗa wa har ya sayi a-kori-kura ƙirar Hilux ta kansa, shi ne ya gyara zama ya ce yana neman shawarar iyaye. Ya ce an yi masa tayin ƙaramar bindiga, watau fistol, da harsashinta, kuɗin ma bai kai na ɗan maraƙi ba. Yana so ya riƙa tafiya da ita saboda hanya. Tambayarsa ita ce, ina ya fi dacewa ya ajiye ta, ƙarƙashin kujerar direba ko aljihun gaban mota?

Kafin ya rufe baki wuri ya kaure. Samari suka ce ai tuni ya kamata, wa zai ɗauko miliyoyi ya shiga daji hannu rabbana? Dattawa suka yi shiru. Da hayaniya ta lafa, sai wani tsoho a cikinmu, wanda ya fara koro shanu a ƙasa tun zamanin Bokasa, ya dube shi ya ce, "Ɗana, kai kana tunanin inda za ka sa ta. Mu kuwa muna tunanin wanda zai fara ganinta." A kan wannan magana ta tsohon muka kwana, ita ce kuma muka ga ya kamata mu shimfiɗa wa sauran 'yan'uwa da ba su halarci zaman ba.

TSORON BA NA BANZA BA NE

Da farko dai ba mu ga laifin yaron nan ba. Duk wanda ya san hanyoyin ƙasar nan ya san abin da yake gudu. Tun cikin shekarun 1980 zargina suke tare hanya a arewa da yammacin Afirka ta Tsakiya, da arewacin Kamaru, da kudancin Cadi. Sun san ranar kowace kasuwa, sun san motar da ta kai shanu da wadda ta dawo da kuɗi. Daga baya suka koma satar 'ya'yan Fulani makiyaya, sai uba ya kori garke zuwa kasuwa ya karyar kafin ya ga ɗansa.

Makamai kuma ba daga sama suka faɗo ba. A 1996 sau uku sojoji suna bore a Bangi, a watan Afrilu da Mayu da Nuwamba, aka fasa ma'ajiyar makamai. Bayan yarjejeniyar Bangi ta Janairun 1997 an bi an tattara, manya akasari sun dawo, amma ƙanana da yawa sun shige gari. Aka zo juyin mulkin 15 ga Maris 2003, aka zo shigowar Seleka ta 24 ga Maris 2013, kowane tashin hankali ya wuce ya bar nasa kason a hannun jama'a. Har 'yan jarida na ƙasashen waje suka riƙa ba da labarin cewa gurneti a Bangi ya fi kwalbar lemo araha. Daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021 'yan tawayen CPC suka datse hanyar Kamaru, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai.

To, ga hanya irin wannan, ga falke ya sayar da lodin tirela ɗaya ko biyu, miliyoyin sefa suna ɗaure a ƙugunsa. In zuciyarsa ta raya masa bindiga, ba za mu ce ya yi hauka ba. Wani ma zai ce ai addini ya halatta wa mutum ya kare dukiyarsa. Haka ne, babu musu. Abin da muke tambaya shi ne, wannan ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, yana karewar kuwa?

RANAR DA AKA TARE HANYA

Waɗanda aka taɓa tarewa a cikinmu suna da yawa, kuma labarinsu kusan iri ɗaya ne. Masu tare hanya su suke zaɓen wuri, su suke zaɓen lokaci. Ba a kan miƙaƙƙiyar kwalta suke tsayawa ba. Sai wurin hawa, ko bakin karyayyar gada, ko gargadar da dole ka koma giya ɗaya. Ka sha kwana ka tarar da gungume a gicciye. Kafin ka taka birki sun fito ta dama da hagu daga cikin ciyawa, wasu kuma ba za ka gan su ba sam, suna kwance suna kallonka ta bakin bindiga.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Su biyar ne ko goma, kowa da Kalash. Kalash ɗaya tana ɗaukar harsashi 30, tana samun mutum daga nisan mita 300. Fistol ɗinka harsashi 8 ne zuwa 15, kuma ko a hannun wanda ya ƙware ba ta kai ko kusa da wannan nisa ta sami abin da aka nufa, balle kai da ba ka taɓa harbi ba sai sau ɗaya a bayan gari. Hannuwanka biyu suna kan sitiyari. Ƙofar mota da gilashi ba sa tare harsashi, kamar takarda yake huda su. A gefenka ga yaron mota, a baya ga masu kula da dabbobi, wataƙila da wata tsohuwa da ka rage wa hanya. Harbi ɗaya in ya fito daga motarka, duk wanda ke cikinta ya shiga lissafi, har da na motar da ke bayanka waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

In kuwa ka yi hankali ba ka taɓa ta ba, to, saura bincike. Za su kwantar da kowa, su zazzage mota, su ɗaga kujera. Falken da aka samu da kuɗi, galibi kuɗin ake karɓa, a haɗa masa da duka, a bar shi da ransa. Wanda aka samu da bindiga kuwa sunansa ya canza. Sai su ce soja ne ya sa farin kaya, ko ɗan leƙen asirin wata ƙungiya ne. Daɗin daɗawa ka ƙara musu makami ɗaya da kuɗinka, wanda gobe za a ɗora wa ɗan'uwanka a ka.

Mu tuna kuma, duk lokacin da zargina suka ja da baya, taron mutane ne mai tsari ya kore su. A nan ƙasar maharban Fulani masu kwari da baka ne suka haɗa kai da sanin hukuma suka bi su daji. A Kamaru runduna guda aka kafa domin su, wadda tun 2001 ake kira BIR. Ba mu taɓa jin hanyar da ta gyaru don kowane falke ya sa fistol a motarsa ba.

SHINGE YA FI ƊAN FASHI YAWA

Mai tare hanya, kana iya shekara biyar kana tafiya Allah bai haɗa ku ba. Shinge fa? Daga PK12 ka bi ta Bowali, Bosambele, Yaloke, Bawaro, Buwar, Babuwa har Beloko, tafiyar wajen kilomita 600, shinge nawa za ka tsaya? In ka yi arewa ta Damara, Sibut, Kaga-Bandoro, Kabo zuwa Sido, haka. Ga jandarma, ga 'yan sanda, ga soja, ga duwan, ga ma'aikatan gandun daji. Kowace tafiya, zuwa da dawowa. Saboda haka in ana maganar wanda zai fara ganin bindigarka, mai kaki ne a sahun gaba.

Doka kuma ba ta bar ƙofa ba. A Afirka ta Tsakiya an yi sabuwar dokar makamai da harsasai a 2020, zamanin Shugaba Tuwadera, kuma farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma a rubuce. Takunkumin makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasar ranar 5 ga Disamba 2013 an ɗage shi a Yulin 2024, amma aka bar haramcin kai makami ga ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Wannan ɗagewa ba ta shafi falke ba, kada wani ya ruɗe ka da ita.

Ka ƙetara Kamaru, can dokar 14 ga Disamba 2016 ce take aiki. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, laifin bindigar yaƙi ko ta kare kai a Kamaru kotun soja ce take shari'arsa, ko da mai laifin farar hula ne. A Afrilun 2018 ma ministan cikin gida na can ya hana sayar da bindiga da harsashi a jihohi shida, har da Adamawa, inda kasuwannin Ngawi da Maiganga da Gaundare suke. Ka wuce Nijeriya don cin kasuwar Mubi, dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da Shugaban Ƙasa kaɗai yake ba da lasisinsu, hukuncin wanda aka kama kuwa ba ya kasa ɗaurin shekara 10. Cadi ma an sha bi gida-gida ana karɓe makaman farar hula, kamar yadda aka yi a gabashin ƙasar lokacin dokar ta-ɓaci ta 2019.

Wani zai ce, to ai ni ina da takarda. Takardarka iyakarta bakin iyaka. Yarjejeniyar Kinshasa kan ƙananan makamai, wadda ƙasashen yankinmu suka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2017, ta ce baƙon da zai shiga wata ƙasa da makami sai ya sami takardar izini daga ƙasar da zai shiga. Ta ƙasashen ECOWAS ta 2006 ma haka ta ce. Watau lasisin Bangi ba ya magana a Garwa-Bulai, balle a Yola.

Akwai kuma wata magana da ba a rubuta a kowace doka ba, amma kowa a cikinmu ya san ta. Mutum mai suna irin namu, mai riga da hula, wanda katinsa ya nuna Sankilo, yana mu'amala da Fulanin daji, in aka ciro fistol daga motarsa, ba za a ce falke ne mai tsoron ɓarayi ba. A nan za a ce mai kai wa 'yan tawaye saƙo ne. A Kamaru a ce yana cikin masu garkuwa da mutane. A Nijeriya a ce ɗan bindiga ne ko ɓarawon shanu. Kafin gaskiya ta fito an jiƙata.

Mun ga wannan da idonmu. Wani ɗan ƙungiyar nan, mutumin kirki wanda ko wuƙar yanka ba ya yawo da ita, an tsayar da motarsa a wani shinge aka ciro bindiga a bayan kujera, a naɗe cikin tsumma. Ashe ta direbansa ce, bai sani ba. Direba ya ce zai kama ruwa, ya shiga ciyawa, har yau. Mai mota ya yi wata 7 a tsare. Shanun da ya saya ya bari a hannun makiyayi aka karyar da su don biyan lauya, mota ta ruɓe a inda aka ajiye ta, 'yan'uwa suka yi ta karo-karo don ciyar da iyalinsa. Ya fito babu laifi, amma jarin shekara 20 ya tafi. Ko zargina ba su taɓa yi masa rabin wannan ɓarna ba.

MOTA BA ƊAKI BA CE

A-kori-kurar falke motar jama'a ce. Yau tana gareji wajen makanike da yaransa shida, gobe tana wurin wanki, jibi an ba ƙane aro ya kai mai haihuwa asibiti. Yaron mota a ciki yake kwana. Mai faci yana ɗaga kujera neman jak. In ka dawo gida ka faka a ƙofa, 'ya'yanka da na maƙwabta su ne masu shiga suna murɗa sitiyari suna wasan direba, kuma babu lungun da hannun yaro ba ya kaiwa. Abin da mutum uku suka sani a tasha, kafin magariba unguwa ta ji. Daga ranar nan motarka ta zama abin fako, domin bindiga tana da masu saye fiye da batir da rediyo.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, inda doka ta sakar wa mutane mara a kan bindiga kuma motocinsu suke da makullai na zamani, ƙididdigar 2022 daga birane fiye da 300 ta nuna kusan rabin bindigogin da aka kai rahoton sacewa daga cikin mota aka ɗauke su. To ina ga tamu motar da ake ɗaure ƙofarta da igiya? In kuwa aka sace aka yi kisa da ita, wa za ka je ka gaya wa, alhali tun farko ba ta da takarda?

Ita kanta bindigar ba ta son zaman mota. Ƙurar rani da laimar damina suna sa ta tsatsa, ranar da ka neme ta sai ta ƙi tashi. Irin waɗanda ake tallatawa a ɓoye kuwa tsofaffi ne da suka bi hannu goma, wasu ƙirar maƙera, da yawa ba su da abin da zai hana su tashi in sun bugu. Ka ɗura mata harsashi ka jefa ƙarƙashin kujera, ka hau gargadar hanyar Kabo, wallahi ƙafarka ko ta na kusa da kai ce a bakinta.

Na ƙarshe da zai iya fara ganinta, kai ne da kanka a ranar fushi. Sana'armu sana'ar gardama ce. Rigimar la'ada, bashin da aka yi shekara ana yi maka gobe-gobe, saniyar da aka ce ta sata ce bayan ka biya, direban da ya goge maka mota a tasha. Da can iyakarta cacar baki da cin kwala, dattawa su raba, gobe a sha shayi tare. Amma in akwai ƙarfe a mota taku goma daga inda kake tsaye, Shaiɗan ba ya bukatar fiye da minti ɗaya.

DARASIN SANKILO

Mu mutanen Kokoro ba a littafi muka karanta wannan ba. Bayan harin 5 ga Disamba 2013, Sankilo ta zama kamar kurkuku. Kasuwar shanu ta PK13 ta watse. Dubban 'yan'uwa suka tafi Cadi da Kamaru, a ƙarshen Afrilun 2014 aka kwashe wajen mutum 1,300 da suka maƙale a PK12 zuwa Kabo da Sido. Unguwarmu da take bakin iyaka da Boyin ta ga wuta, gidajen Musulmi da na Kirista duka. A wannan hali samari suka ɗauki makami don kare unguwa, 'yan kasuwa kuma suka riƙa ba su gudummawa da zuciya ɗaya. A lokacin babu wanda ya ga aibu.

Sai me ya faru? Gudummawa ta koma haraji. Kowane shago da kuɗinsa, kowace mota in za ta yi lodi ko ta sauke da kuɗinta. Masu gadi suka rabu ƙungiya-ƙungiya, kowa da yankinsa, suna harbin juna a tsakiyar kasuwa. A Afrilun 2018 sojojin MINUSCA da na gwamnati suka shigo da farmakin da aka kira Sukula don kama Nimeri Matar, wanda ake ce wa Fors, aka yi asarar rayuka, ba a kama shi ba. A ƙarshen Disamban 2019 tura ta kai bango, 'yan kasuwa da kansu suka yi fito-na-fito da masu karɓar harajin. An rasa mutum fiye da 30, shaguna da dama suka ƙone. Ranar 31 ga Disamba 2019 aka ayyana Sankilo yankin da ba a yarda da makami ba.

Mu duba ɗaya gefen. Maƙabartar Musulmi da ke Boyin, wadda muka yi shekara biyu ba mu iya kai gawa, da me aka buɗe ta? Paparoma Faransis ya zo Babban Masallaci ranar 30 ga Nuwamba 2015, aka fara ganin fuskar juna, sa'an nan a Fabrairun 2016 mutanen Sankilo da na Boyin suka zauna suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. Duk makaman da ke unguwa ba su buɗe wannan 'yar gajeriyar hanya ba, zama ne ya buɗe ta. Makamin da aka kawo don kare dukiya kuwa, ƙarshenta dukiyar ya ci. In haka ta faru ga unguwa guda, mota ɗaya ba ta fi ƙarfin haka ba.

GA WANDA YAKE DA LASISI

Akwai 'yan kaɗan a cikinmu da suka bi hanya suka sami izini na gaskiya. Waɗannan ba mu ce su yar ba, amma ga abin da muke roƙonsu. A tabbata takardar tana ɗauke da sunanka da lambar da ke jikin bindigar, kuma kwananta bai ƙare ba. A tambayi ofishin da ya bayar ko izinin ajiyewa a gida ne kawai ko ya haɗa da fita da ita, domin ba ɗaya ba ne. Mazauninta gida, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, babu harsashi a ciki, harsashin a wani wuri dabam, makulli a jikinka. Kada ta kwana a mota ko da dare ɗaya. Kada a ba direba ko ƙane riƙo. In doka ta yarda ka ɗauke ta zuwa wani wuri, a cire harsashi, a kulle ta a akwati, in an zo shinge kuma kai za ka fara faɗa, hannuwanka a fili, takarda a sama, kada ka bari sai an gano. In ta ɓata, ranar nan za ka kai rahoto ka karɓi shaida. In tafiyar ta ƙetare iyaka ce, a bar ta a gida.

ABIN DA YAKE KARE FALKE

Ɗan fashi ba shanu yake nema a motarka ba, kuɗi yake nema. Maganin farko ke nan, kada kuɗin ya hau mota. Iyayenmu tun kafin waya suna zuba kuɗi wajen amintaccen ɗan kasuwa a Sankilo su karɓa a Garwa-Bulai ko Gaundare. Yau ga banki, ga Express Union, ga Orange Money. Ɗan abin da za a cire maka bai kai kuɗin harsashi ba, balle kuɗin lauya. A riƙe na mai da na abinci da na shinge kawai, da ɗan abin da za a miƙa in tsautsayi ya faɗa, domin wanda aka samu hannu wofi ma yana shan wuya.

Na biyu, bakinka. Ranar tashi da abin da ka sayar, kai da mai gidanka kawai. Yawancin tarewa daga cikin kasuwa labarinta yake fita.

Na uku, ayari. A tashi tare bayan asuba, a sauka kafin magariba, kada a yi tafiyar dare don gudun kuɗin kwana. Lokacin da hanya ta ɓaci aka riƙa yi wa motoci rakiya tsakanin Beloko da Bangi, waɗanda suka yi haƙuri suka jira ayari sun fi masu gaggawa isa gida. Kafin a bar kowane zango a buga waya zango na gaba, a tambayi sarkin tasha da direbobin da suka fito. A yankin arewa maso yamma, inda aka yi ta samun nakiyoyi a hanya tun 2020, a bi sawun da motoci suka bi, kada a yanke ta sabuwar hanya.

Na huɗu, takardu su cika: katin shaida, takardun mota, inshora, takardar likitan dabbobi, rasiɗin kasuwa, katin ƙungiya. Mai cikakkun takardu da mota mai tsabta yana da bakin magana a shinge, ƙungiya ma tana da bakin tsaya masa.

Na biyar, ka binciki motarka da hannunka kafin kowace tafiya, ƙarƙashin kujera, bayanta, wurin safaya, akwatin kayan aiki. Ka san direbanka da wanda ya tsaya masa. Kada ka karɓi ƙunshin saƙon da ba ka buɗe ba, ko na wane ne.

Wanda kuma ya riga ya saya babu takarda, kada ya sayar wa wani, kada ya jefa a rijiya ko bola inda yara za su tsinta, kada kuma ya sa ta a mota shi kaɗai ya nufi ofishin 'yan sanda, don ana iya tsayar da shi a hanya kafin ya isa. Ya sami shugabannin ƙungiya a asirce, mu haɗa da mai unguwa da liman, a sanar da hukuma tukuna, a miƙa ta a gaban shaidu a karɓi takarda. Ƙasar nan tana da hukumar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai tun 2017, wannan yana cikin aikinta.

MATSAYARMU

A ƙarshen zaman an tsaya a kan abu biyu. Motar da aka san tana ɗauke da bindiga marar takarda ba za ta shiga ayarinmu ba, domin in ta jawo, kowa zai shafa. Sa'an nan asusun taimakon 'yan ƙungiya zai ci gaba da tsaya wa wanda aka yi wa fashi ko aka tsare bisa zalunci, amma wanda ya ɗauko da hannunsa bayan wannan sanarwa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Samari ba duka suka gamsu ba, kuma ba mu hana su faɗa ba. Ɗaya ya ce, "Baba, watau mu zuba ido a yi ta cinmu ke nan?" Tsohon nan ya ce, "An tare ni sau uku, ɗana. Sau uku ina komawa gida ba ko dala, sau uku ina sake jari. Abokan tafiyata biyu da suka ce ba za su kwanta ba, ni na yi musu wanka." Shi dai mai Hilux bai ce komai ba a wurin, amma da ayarin mako na gaba zai tashi mun ga sunansa a takarda, ya kuma buɗe mana motarsa da kansa aka duba.

'Yan'uwa na sauran rassa, in akwai mai wata hujja da ta saɓa wa tamu, ko wani abin da ya gani a hanyarsa, ya rubuto, za mu buga. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kare mu daga sharrin hanya da na zuciya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.